Toshe Kafofin Tsofaffin Tagogi a Lokacin Hunturu: Bayani Domin Hakimai da Malamansu a Kudancin Kogin Kaduna

Kowace shekara, daga wajen ƙarshen watan Nuwamba har zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu ta kan sauko wa ƙasar Hausa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da sanyi da ƙura. A garin Kaduna mutanen da su ke zaune a hayin kogi ta kudu, watau Kakuri, da Makera, da Barnawa, da Nasarawa, da Tirkaniya, da Narayi, da Sabon Tasha, suna shan wahalarta ƙwarai, gama da yawa daga cikin gidajensu da ofisoshinsu tsofaffi ne, tagoginsu sun saki. Wannan bayani an shirya shi ne domin hakimai da malamansu su san hanyoyi masu sauƙi, marasa tsada, na tare iska da ƙura kafin a sami halin yin gyara sosai, su kuma san iyakar da toshiya ba za ta wuce ba, don kada a guje wa sanyi a faɗa wa abin da ya fi shi.

Asalin Hunturu da Halinsa

Iskar hunturu daga hamadar Sahara ta ke tasowa. Mafi yawan ƙurar da ta ke kawowa Nijeriya ta Arewa tana fitowa ne daga wani babban kwari da a ke kira Bodele, a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi. A zamanin da wurin nan ƙarƙashin ruwa ya ke. Da ruwan ya janye sai ya bar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda iska ke kwasa ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da ita kafin ta iso Kaduna. Saboda laushin nan ne ƙurar ta ke bi ta kafar da ko allura ba ta shiga sai da ƙyar.

A watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi ya kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka da asuba, sa'an nan da azahar ya hau zuwa wajen digiri 30. Laimar iska, wadda ta kan wuce kashi 80 cikin 100 a tsakiyar damina, ta kan faɗi ƙasa da kashi 20. Har wa yau iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka da dare ta kan gangara ta taru a kwari. Shi ya sa gidajen da su ke kusa da gaɓar kogi da bakin rafuka su ka fi na kan tudu jin sanyin asuba.

Dalilin da Ya Sa Tagogin Wannan Yanki Su Ka Saki

An mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, babbar tashar jirgin ƙasa kuwa, Kaduna Junction, tana kudancin kogi, tare da gidajen ma'aikatanta. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 waɗansu masaƙu su ka biyo baya, kamar UNTL da Arewa Textiles, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri. Dubban ma'aikata su ka zo daga ko'ina cikin ƙasa, aka yi ta gina musu gidajen haya ɗaki ɗaki, da bulo da rufin kwano. Gidajen nan yanzu sun wuce shekara 50, waɗansu sun doshi 70. Da masaƙu su ka durƙushe, har Kaduna Textiles ta rufe a 2002, kuɗi ya yi wuya a hannun masu gida da 'yan haya, gyara ya tsaya.

Ginin ƙasa irin na gargajiya, mai kaurin bango da rufin azara da 'yar taga can sama, yana shan zafin rana ya riƙe shi har cikin dare. Ginin bulo da kwano ba haka ya ke ba. Kwano ya kan huce da zarar rana ta faɗi, tagoginsa kuma manya ne, an yi su ne don shan iska a lokacin zafi.

Tagogin da a ke samu a tsofaffin gidajen nan iri uku ne. Akwai ta katako mai ƙyaure, akwai ta ƙarfe mai gilashi wanda aka liƙe da foti, akwai kuma mai gilasai jere waɗanda a ke buɗewa da mariƙi guda, wadda magina ke kira luba. Kowace da irin lalacewarta. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, har katako mai faɗin ƙafa guda ya ragu da kashi ɗaya cikin takwas na inci ko fiye. Ƙarfe yana tsatsa ya lanƙwashe, fotinsa ya bushe ya zube. Luba kuwa tun tana sabuwa gilasanta ba su haɗuwa sarai, balle an yi shekaru ana fasa su ɗaya ɗaya.

Kada a rena ƙaramar kafa. A ɗauki taga mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 3. Kewayenta ƙafa 14 ke nan, watau inci 168. In akwai rata ta kashi ɗaya cikin takwas na inci a kewayen duka, to, in an tara ta wuri ɗaya daidai ta ke da rami mai tsawon inci 7 da faɗin inci 3 a jikin bango. Ba mai gidan da zai ga rami kamar wannan a ɗakin 'ya'yansa ya kwana bai toshe shi ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda A Ke Gane Inda Iska Ke Shiga

Tun da ya ke iskar daga arewa maso gabas ta ke busowa, tagogin da su ke duban arewa da gabas su ne abin fara dubawa. Hanyoyin ganewa huɗu ne.

1. A rufe taga da rana tsaka, a tsaya cikin ɗaki a duba. Duk inda haske ya ratso, iska ma tana ratsowa.

2. A jiƙa bayan hannu da ruwa, a bi gefen taga da shi a hankali da safe sa'ad da iska ke kaɗawa. Inda aka ji sanyi, nan kafa ta ke.

3. A sa takarda tsakanin ƙyaure da firam a rufe, sa'an nan a ja ta. In ta fito ba tare da wani riƙo ba, ƙyauren bai kama ba.

4. A duba dakalin taga da sassafe kafin shara. Ƙura ta kan kwanta a jere daidai wurin da ta shigo.

Waɗansu su kan yi gwajin nan da kyandir ko ashana. Wannan ba shi da kyau, domin a hunturu labule da katako sun bushe ƙayau, tartsatsi kaɗan ya ishe su.

Gyaran Tagar Katako

Kafin kome sai a goge firam da ƙyaure da jiƙaƙƙen tsumma, a bari su bushe, gama ba abin da ke mannuwa a kan ƙura. Bayan haka a duba hinji da sakata. Sau da yawa ƙyaure ya kan rataye ne kawai don sukurorinsa sun kwance. In ramin sukuru ya yi faɗi, a cusa tsinken ashana biyu ko uku waɗanda aka karye kawunansu, a mai da sukurun, zai kama.

Ratar da ta rage tsakanin ƙyaure da firam ana tare ta da tsohon tiyub na keke ko na babur. A yanka shi dogo dogo, faɗin inci ɗaya, a kafa shi da ƙananan ƙusoshi a jikin firam, daidai inda ƙyaure ke zuwa ya tsaya, yadda in an rufe zai danne robar. In babu tiyub, a naɗe tsumma ko guntun tsohon bargo, ko a yanka soson tsohuwar katifa siriri, a yi haka da shi. Tsagar da ke tsakanin allunan ƙyaure kuwa, a cusa mata auduga ko tsumma da bakin wuƙa, a liƙe bayanta da takarda mai kauri da kokon sitaci.

Akwai gargaɗi guda a nan. Kada a bar kafinta ya ƙara katako na dindindin a gefen ƙyaure a tsakiyar hunturu don cike rata. Da ruwa ya sauka a watan Afrilu ko Mayu katakon zai kumbura ya koma girmansa na da, taga ta ƙi rufuwa, a koma ana fiƙe ta, hunturu na gaba kuma ratar ta fi ta bara. Abin da za a sa a wannan lokaci ya zama mai laushi ne, mai sauƙin cirewa.

Gyaran Tagar Ƙarfe

Inda foti ya zube, a kankare ragowarsa da tsatsar da ke ƙarƙashi, a murza sabon foti a hannu har ya yi laushi, a danna shi a gefen gilashi, a daidaita da wuƙa. Ana samun foti wurin masu sayar da gilashi da fenti. Gilashin da ya tsage amma bai faɗi ba, a goge shi a manna masa salatif mai faɗi ciki da waje, tun daga farkon tsagar har ƙarshenta. Wanda ya fashe sarai, a cire ragowarsa da tsumma a hannu, a haƙa rami a binne, don kada yara su taka. A yanka kwali mai kauri ko falanki daidai gurbin, a naɗe kwalin cikin leda saboda raɓa, a kafa.

In ƙyauren ƙarfe ya lanƙwashe har ba ya haɗuwa da firam, a manna siririn soso ko roba a inda ratar ta ke. In mariƙinsa ya karye, a ɗaure da waya yadda za a iya kwancewa da hannu cikin duhu. Ba a walda taga a rufe ta ƙirin don gudun sanyi.

Gyaran Luba

Gilashin luba da ya ɓace ana maye gurbinsa da falanki siriri wanda aka yanka daidai tsawo da faɗin ɗan'uwansa. 'Yan ƙarafan da ke riƙe gilasai a gefe, in sun buɗe, a matse su a hankali da filaya. A wanke ƙurar da ta daskare a mahaɗansu, a ɗiga mai kaɗan, a goge ragowar, domin mai da yawa ƙura ya ke tarawa.

Amma hanyar da ta fi amfani ga luba ita ce a rufe ta duka da leda mai kauri daga cikin ɗaki. A yanka ledar ta zarce taga da inci 3 kowane gefe, a ninke bakinta, a ɗora tsinken kwali ko siririn katako a kai, sa'an nan a buga ƙusa ta cikinsa. In aka buga ƙusa a kan leda tsirara, iska za ta yage ta cikin kwana biyu. A ja ta ta miƙe sosai don kada ta riƙa kaɗawa da dare. Iskar da aka tsare tsakanin gilashi da leda ita kanta kariya ce, gama iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar sanyi daga waje zuwa ciki. Farar leda ta fi baƙa, don ba ta hana haske.

Sauran Dabaru

Ratar da ke tsakanin firam da bango ana cike ta da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ko da siminti awo 1 da yashi awo 4, bayan an yayyafa wa wurin ruwa. Wannan kaɗai cikin gyare-gyaren nan ba ya bukatar a cire shi daga baya.

Labule mai kauri, ko bargo, ko tabarma, in an rataya shi ya rufe taga ya zarce ta ƙasa da gefe, yana rage sanyi ƙwarai. A sake shi tun magariba, a ɗage shi da hantsi don rana ta shiga. Daga waje kuma asabari ko buhu a kan taga yana karya ƙarfin iska. Inda akwai fili, zana da aka kafa taku biyu ko uku daga bangon arewa ko na gabas tana yin wannan aiki ga ɗaki duka, sai dai a nisanta ta daga murhu.

Tagar da aka bari a buɗe, in tana da wayar sauro, ana iya rataya mata jiƙaƙƙen ƙyalle da rana ya kama ƙura. Da yamma sai a cire shi, domin ruwan da ke bushewa a jikinsa sanyi ya ke ƙara wa ɗaki. Ƙarƙashin ƙofa kuwa, a ɗinka dogon ƙunshi na buhu, a cika shi da yashi, a kwantar da shi a bakin ƙofa da dare.

Iyakar Toshiya

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, wajibi ne hakimai su tabbata jama'a sun fahimce shi. Ɗakin da mutane ke kwana lalle ne ya sami hanyar shaƙar iska. Abin da a ke so shi ne a toshe gefen arewa da gabas, a bar taga ɗaya ta kudu ko ta yamma wadda za a riƙa buɗewa, a kuma bar 'yan kafofin da magina su ka yi can sama kusa da rufi. Kowace rana da hantsi ko da azahar a buɗe ƙofa da taga na ɗan lokaci iska ta sauya. Dalilan haka uku ne.

Na farko, hayaƙin da ba a gani. Gawayi in yana ci a wurin da iska ta yi kaɗan yana fitar da wata iska mai guba wadda likitoci ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har ninki 200 da ɗoriya, saboda haka jiki ya kan rasa abin da zai rayu da shi alhali mutum yana numfashi. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, mai barci kuwa ya kan zarce ke nan bai farka ba. Kada a kwana da kaskon wuta, ko risho, ko murhun gas a kunne cikin ɗaki. Janareta ma guba ɗaya ya ke fitarwa, kada a tashe shi a ɗaki, ko a zaure, ko a baranda, ko a gindin taga. A ajiye shi a sarari, nesa da ƙofa da taga kamar ƙafa 20. In aka sami mutanen ɗaki guda duk suna kukan ciwon kai da jiri, a fitar da su sarari nan da nan, a buɗe ƙofofi, a kai su asibiti. Madara da manja ba su karya wannan guba.

Na biyu, sanƙarau. Nijeriya ta Arewa tana cikin yankin nan da ya tashi daga Sanigal zuwa Habasha inda cutar ta ke yawaita da rani. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma yana sa ƙwayar cutar ta bi numfashi daga wannan zuwa wancan. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 su ka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 su ka rasu. An fara allurar rigakafin nau'in A a 2011, nau'in C ya ɓarke a 2017, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Duk da haka ba a raba ɗaki da iska. Wanda aka ga yana da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, ko jariri wanda maɗigarsa ta kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Ƙyanda da tarin fuka ma ta numfashi su ke yaɗuwa.

Na uku, gobara. Leda, da kwali, da soso, da zana duk makamashi ne. Kada a ajiye fitila, ko kyandir, ko maganin sauro na kunnawa kusa da tagar da aka rufe da su. Galibin tagogin gari suna da sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, don haka ƙofa ita ce mafita. Kada a tare ta da kaya, mabuɗi kuma ya kwana inda kowa ya sani.

Aikin Hakimai da Malamansu

Ya kamata tun farkon Nuwamba hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni ya karanta musu wannan bayani, su kuma su kai shi ga limamai da shugabannin coci, da shugabannin kasuwa, da malaman makarantu. A ba da fifiko ga ɗakunan da jarirai, da tsofaffi, da masu asma ke kwana, da makarantun allo inda almajirai ke kwana a zaure. Inda gardama ta tashi tsakanin mai gida da ɗan haya a kan wanda zai biya, mai unguwa ya sulhunta su da wuri, a rubuta abin da aka shirya, don kada hunturu ya wuce ana jayayya yara suna tari.

Malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa domin gine-ginen jama'a da ke gundumar, watau ofis, da makarantu, da ɗakunan shan magani. A kowane gini ya rubuta yawan tagogi, da inda su ke duba, da irin lalacewarsu, da abin da aka yi na wucin gadi, da ranar da aka yi, da gyaran da ya rage. A aika da kwafi ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko ta Kaduna ta Kudu a Makera ko ta Chikun a Kujama, gwargwadon inda ginin ya ke.

Takardun ofis ma suna bukatar kariya. Busasshiyar iska tana sa takarda ta yi ƙarfi ta riƙa karyewa, ƙura kuma tana cin rubutu tana toshe na'ura. A janye kabad daga gindin taga, a rufe littattafan gado da na filaye a akwati, a lulluɓe kwamfuta da na'urar buga takardu da ƙyalle in an tashi aiki. A yayyafa ruwa kafin shara.

Bayan Hunturu

Duk abin da aka bayyana a sama na wucin gadi ne. Da sanyi ya janye zafin bazara ya kama, wajen watan Maris, sai a cire leda da kwali da tsumma, domin ɗaki rufaffe a bazara azaba ne, kuma lokacin sanƙarau bai ƙare ba tukuna. In aka bar su har damina za su riƙe ruwa, katako ya ruɓe, ƙarfe ya ƙara tsatsa, kyankyasai da gara su sami maɓoya. A wanke ledar da robar a adana su don baɗi. Sa'an nan a koma ga littafin malami, a bi tagogin ɗaya ɗaya, a sa gilashi inda ya ɓace, a sabunta foti, a shafa fenti kafin ruwan fari. Hakimin da ya sa aka yi haka bana, aikinsa na baɗi zai ragu, gama rigakafi ya fi magani.